Faya-fayan Baba sun fito daga adaka: wane garmaho ne zai yi aiki da Sonos?

Ɗan Goro Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, amma sai na ɗan ja ku baya kafin ku ga inda ta dosa.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, fataucin goro ne ya kawo shi Agege daga Funtuwa tun zamanin Gowon. A nan ya yi aure, a nan aka haife mu. Bara ya rasu. Da aka gama rabon gado sai aka bar wata adakar ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, ƙannena suka ce Yaya kwashe, tarkace ne. Na buɗe na tarar da faya-fayan garmaho guda 74. Manya 51, ƙanana 17, sai wasu 6 masu nauyi kamar tangaran, biyu a cikinsu da hoton kare yana leƙa bakin ƙaho. Yawanci na Shata ne da Ɗan Maraya Jos da masu goge da kukuma, sai 'yan kaɗan na Yarabawa da abokan cinikinsa suka ba shi. Wasu ma ya rubuta sunansa da ajami a bayan kwalin.

Hajiyarmu a gidana take. Ciwon gwiwa ya hana ta hawa bene, ɗakinta a ƙasa ta baya, falo kuma a sama. Ranar da na ba ta labarin adakar ta yi shiru, can ta ce akwai wanda Alhaji yake sawa duk Juma'a bayan la'asar, kwalinsa ruwan goro. Na duba, ga shi kuwa. Tun daga ranar nake son ta ji shi daga bakin faifan nan da mijinta ya riƙe da hannunsa.

Lasifikokin gidan Sonos One ne guda uku, ƙanina da ke Ingila ya kawo. Biyu a falo, ɗaya a ɗakin Hajiya, da ita take jin karatun Alƙur'ani da tafsiri da labaran safe. Burina in ɗora faifai a sama, sauti ya fito a ɗakinta.

Babban ɗana ya yi karambani ya sayo wani ɗan garmaho a intanet, mai kama da jakar hannu, an rubuta Bluetooth ɓaro-ɓaro a kwalin. Kwana biyu muna fama, lasifikokin ko ganinsa ba su yi ba. Shi kansa in ya yi kiɗa kamar ana buga gwangwanin madara.

Yanzu shawara ta kasu. Wani mai shago a Alaba ya nuna mini Technics SL-1200 tokumbo, ya ce ba a sake yin kamarsa ba. Yaron nawa ya ce a sayi sabo na Audio-Technica ko Sony mai Bluetooth na gaske. Surukina da ke Amurka kuma ya ce in bari ya sako mini ɗaya cikin kaya. Yanayin wuta kun san shi, yau akwai gobe babu, da inbata da ɗan janareta muke lallaɓawa.

Masu son yi mini wa'azi kan kiɗa, na gode, na san malamaina. Wanda ya san kayan sauti ya taimaka.

Injiniyan Ojo:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya jiƙan Baba, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Gyaran amfilifaya da kayan sauti ne abincina shekara 19 ke nan, kuma abin da zan gaya wa yayana shi zan gaya maka.

Kafin komai, a rufe wannan jakar a kai ta sito. Irinsu allurar tana danna faifai da nauyin giram 5 ko fiye, babu wurin ragewa, alhali kan allura na kirki giram 2 ya ishe shi. Juyi ɗaya ko biyu ba zai kashe faifai ba, amma wanda ya sha juyi tun kafin a haifi ɗanka ba shi da sauran naman da za a yanka. Bluetooth ɗin da aka rubuta a kwalin kuwa, a yawancinsu na karɓa ne. Wayarka ta tura masa waƙa ya fitar ta 'yar lasifikarsa. Shi ba ya tura wa kowa.

To ko da yana turawa ma, ba za a dace ba. Sonos One ba ta karɓar sauti ta Bluetooth, ba ta kuma da ramin da za a soka kebul daga garmaho. Ta rauta kaɗai take ji, wato na'urar Wi-Fi ta gida. Mutane da sun ji an ce abu mara waya ne sai su ɗauka duk yare ɗaya ake yi, alhali kamar Bakatsine da Bayaraben Ijebu ne suka haɗu ranar farko babu tafinta. Bluetooth hira ce ta na'ura biyu da ke kusa, kamar mita 10, kuma bangon bulo da rufin kankare suna cinye ta. Daga falonka na sama zuwa ɗakin Hajiya ta baya, manta kawai. Sonos kuwa ta rauta take bi, ta raba sauti ga duk ɗakuna a lokaci guda.

Ke nan kafin ka zaɓi garmaho sai ka samo ƙofar da sautinsa zai shiga. Ukun da kake da su duk babu ƙofa, dole ka ƙaro ta huɗu. Mafi sauƙin kuɗi ita ce Era 100, wadda ta fito a 2023. Tana da ramin USB-C a baya, kuma akwai 'yar adafta da Sonos suke sayarwa daban, ta mayar da ramin ya karɓi kebul irin na abin sawa a kunne. Ka tabbata an haɗa maka da adaftar, don ba ta zuwa a cikin kwalin. Sonos Five tana da ramin tun daga kamfani, amma babba ce, kuɗinta ma babba. Akwai Port, wadda ba lasifika ba ce, akwati ne kawai mai ramukan ja da fari. Ko wacce ka ɗauka, da sautin ya shiga sai ka buɗe manhaja ka haɗa ɗakin Hajiya da falo, shi ke nan. Kuma ba ya cin data, don sautin faifan bai fita intanet ba, daga rauta yake juyowa. Akwai garmahon Victrola Stream da ke magana da Sonos kai tsaye ta Wi-Fi, amma kuɗinsa zai saya maka garmaho mai kyau da lasifika.

Abu na biyu, wanda masu shago ba sa faɗa. Sautin da allura ke fitarwa ƙanƙani ne ƙwarai, milibolt 4 ko 5, sai an ninka shi kamar sau 100 kafin ya kai ƙarfin da wancan ramin yake jira. Sannan tun wajen yanka faifai ake rage masa kaurin sauti a ƙara sirantarsa, don tsagin ya zama siriri waƙa ta samu wuri. Wannan ƙa'ida ana kiranta RIAA, tun 1954 ake binta. Akwai ƙaramin amfilifaya da aikinsa ke nan, ya ɗaga sautin ya mayar masa da kaurinsa, mu muna ce masa fono. In babu shi, kalangun Shata zai fito kamar yaro yana ƙwanƙwasa langa daga nesa. Babu ko ɗaya cikin kayan Sonos ɗin nan da ke da fono. Ko dai garmahon ya zo da nasa a ciki, za ka ga maɓalli a baya an rubuta PHONO da LINE, sai ka tura shi LINE, ko ka sayi ɗan akwatin fono daban.

Wancan Technics, mai shagon bai yi ƙarya ba. Tun 1972 ake yinsa, samfurin MK2 na 1979 shi ne ya cika gidajen rediyo da wajen masu sa kiɗa. Amma ba shi da fono, yana da 'yar wayar at (earth) da dole ka ɗaura a jikin akwatin fonon in ba haka ba ya riƙa gunji, kuma gudunsa 33 da 45 ne kawai. Tokumbon da ya sha hannun masu gurza faifai a kulob, sau da yawa hannun allurar ya yi lako-lako. In ka riƙe shi a hankali ka ji yana motsi a gindi, bar musu kayansu. Ka kuma duba bayansa, na kasuwar Japan bolt 100 yake sha.

Ni da kuɗina ne, Audio-Technica AT-LP120XUSB zan ɗauka. Fono a ciki, ana daidaita nauyin allura, kuma yana da gudun 78. Waɗancan shida masu nauyi da ka ambata, shi suke buƙata.

Sadik na Akoka:

Kawu barka da haƙuri. Injiniya, da girmamawa, ina ganin an tsawaita hanya. Tunda dai dole a sayi Era 100, ai ita tana da Bluetooth, kuma abin da ya shiga ta Bluetooth ɗin ana iya raba shi ga sauran ɗakuna. Sai Kawu ya sayi AT-LP60XBT ko Sony PS-LX310BT. Duka suna da fono a ciki, duka danna maɓalli ɗaya ne hannun ya tashi da kansa ya sauka, faifai ya ƙare ya koma mazauninsa. Babu kebul, babu adafta, babu awon giram. Mutumin da zai fita kasuwa da asuba ya dawo bayan isha ina ya ga lokacin zama yana saita allura?

Maganar wai Bluetooth yana matse sauti, gaskiya ne, amma faifan da aka buga shekara 50 da suka wuce, mai ƙaraf-ƙaraf, wa zai ji bambanci? Kuma ita Sonos ko ta kebul ka ba ta, sai ta mayar da sautin lambobi kafin ta aika ta Wi-Fi. Duk hanyar da aka bi, ta kwamfuta aka ratsa.

Abin da na fi so Kawu ya yi shi ne ya naɗe su duka. Sony ɗin yana da USB, na Injiniya ma yana da shi. A sa a kwamfuta da manhajar Audacity, kyauta ce, a tura wa dangi a Funtuwa ta WhatsApp. Wasu faya-fayan nan wataƙila babu su a YouTube ma. In Kawu yana so, ranar Asabar in shigo Agege in yi, ladana tuwon Hajiya.

Maman Ilham, Surulere:

Alhaji sannu da ƙoƙari, Allah ya saka maka da wannan kula da uwa. Ni ban san milibolt ba, amma na san abin da ya same mu, kuma a kan maganar surukinka na Amurka zan tsaya.

Maigidana ya taɓa dawowa daga can da garmaho mai kyau, na katako, har da murfin gilashi. Ya san wutarsu bolt 120 ce tamu 230, don haka ya sayo taransifoma tun daga can. Aka haɗa, aka ɗora faifai, sai ga mawaƙiya mace tana waƙa da muryar ƙato mai mura. Muka ɗauka faifan ne, aka canza, haka. Aka kai wa masu gyara biyu, ɗaya ya canza bel, ɗaya ya zuba mai, babu abin da ya sauya. Sai wani dattijo a Ikeja ya duba ya yi dariya. Ya ce injin da ke juya farantin irin wanda yake bin bugun wuta ne. Wutar Amurka tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50. Taransifoma tana rage bolt amma ba ta taɓa bugun. Farantin da ya kamata ya zagaya sau 33 da ɗoriya a minti, sai yake yin 28 ba ma cikakke ba. Sai da aka yi odar wani ɗan fuli, wato ƙarfen kan injin da bel yake zagayawa a kai, daga waje aka sauya, wata biyu muna jira.

Bayan an gyara kuma sai janareta ya fito da nasa halin. Da firji ya tashi, janareta ya nisa, muryar mawaƙi ma sai ta nisa. Da kiɗan ganga ba ka cika lura ba, amma goge ko kuntigi, wallahi har cikin haƙori kake ji. Dattijon ya ce mu nemi wanda yake da adafta irin ta kwamfutar cinya, a karanta jikinta, in an rubuta 100-240V, 50/60Hz to wannan bai damu da bugun wuta ba, shi yake daidaita gudunsa da kansa. In kuwa dole sai an sako maka daga waje, ƙaninka na Ingila ya fi surukinka dacewa. Wutarsu irin tamu ce, har filogin mai ƙafa uku ɗaya ne. Kuma ka sa shi a layin inbata, kada ya zama yana jone lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi.

Sai ƙananan abubuwa da mace ce take gani, don ita ke gida. Kada ka ɗora lasifikar a teburi ɗaya da garmahon. Mun yi haka, da an ƙara murya sai teburin ya ɗauki rawa, allura ta ɗauka, ta mayar wa lasifika, sai ka ji wuuu kamar jirgi zai tashi. Kuma yara nawa ne a gidan? Allurarmu ta farko Ilham ce ta cire ta da farce tana shekara uku, wai ta ga ƙura. A nan ina bayan Sadik: mai komar da hannunsa da kansa yana da daɗi. Namu ba ya yi, sau nawa faifai zai ƙare ina kicin, in dawo in tarar allura tana ta zagaye a tsakiya, tak, tak, tak.

Ɗan Goro Agege:

Kai jama'a, Allah ya biya. Hajiya Maman Ilham kin cece ni, da yau da dare zan ce wa surukin nawa ya sako. Na riga na kira ƙanina na Ingila maimakonsa. Jakar kuma ta tafi sito, yaron yana ta kumbure-kumbure.

Saura biyu. Waɗannan shida masu nauyi, mene ne bambancinsu, kuma sun kai a sayi garmaho mai tsada dominsu? Sannan da yawa cikin faya-fayan akwai wani fari-fari a jikinsu kamar gari, kwalayen kuma suna warin daɗewa. Wani ya ce in goge da sifirit. In goge?

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:

Ɗana, ajiye sifirit ɗin nan. Da ka goga wa shidan nan da ka yi kuka.

Na yi shekara 31 a ɗakin ajiyar faya-fayai na gidan rediyo kafin in yi ritaya, yanzu ina zaune wajen 'yata a Idi-Araba, jikana ne yake buga mini wannan. Manyan da ƙananan da ka gani na roba ne. Babban, mai inci 12, kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, yana zagaye 33 da sulusi a minti, kowane gefe kamar minti 20. Ƙaramin mai inci 7 na RCA ne, 1949, zagaye 45. Masu nauyin kuwa sun girme su duka. Da wani irin ƙaro ake yinsu, suna zagaye 78, gefe ɗaya bai fi minti uku da 'yan kai ba. Su ne na tsohon garmaho, wanda ake murɗa wa hannu, allurarsa ta ƙarfe ana canza ta kusan kowace waƙa. Mai hoton karen nan tambarin HMV ne. Sifirit yana narkar da ƙaron. Kuma ba sa lanƙwasa, in ɗaya ya suɓuce ya faɗi, sai dai tsintsiya.

Tsaginsu ya fi na roba faɗi wajen ninki uku zuwa huɗu. In ka sa musu siririyar allurar zamani, sai ta nutse har ƙasan tsagin tana sharar datti, ka ji shuuu ya fi waƙar yawa, allurar kuma ta lalace. Suna da tasu allurar mai kauri. Wanda Injiniya ya faɗa yana da daɗi a nan, don kan da ke jikinsa, VM95E, ana zare bakin a sa na 78, sunansa VMN95SP, a gama a mayar. Ko sun kai a kashe musu kuɗi? Ni dai na ga yadda aka yi ta zubar da irinsu a bola lokacin da kaset ya shigo. Shida a hannun mutum ɗaya, a Ikko mai wannan danshi, ba ƙaramin abu ba ne. Mai yiwuwa ma ba Alhaji ya saya ba, gada ya yi.

Ka duba tambarin manyan. Za ka ga EMI da yawa, ɗakin ɗaukar sautinsu a Apapa yake. Na Yarabawan kuma ba mamaki ka ga Decca, su suna Abule-Oja kusa da jami'a. Wato kayan nan ba su yi nisa da gida ba.

Farin da ka gani fumfuna ce, danshin damina ne. Ga yadda muke yi. Ruwan da aka tace ta tururi, irin wanda ake ƙara wa batir. Ka ji da kyau, ruwan ƙari, ba asid ba, ka saya a kemis ya fi aminci. Ɗigo ɗaya na sabulun ruwa na wanke kwanuka a cikin kofi babba. Tsumma mai laushi, ka bi tsagin a zagaye, kada ka ratsa shi. Kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Ka ɗauraye da ruwan zalla, ka jingine a inuwa ya bushe sarai. Rana ko bayan mota, faifai zai kanannaɗe kamar ganda. Na ƙaron kada a jiƙa su, shafa da sauri a tsane. Rigar takarda ta ciki a sake sabuwa, don fumfunar a cikinta take kwana, amma kwalin da ke da rubutun mahaifinka ka shanya shi a iska ka adana.

Kuma a fitar da su daga adakar. A tsaye ake ajiye faifai kamar littattafai a kanta, ba a kwance wani kan wani ba. Da hunturu ya shigo ƙura za ta riƙa manne musu, ka nemi ɗan buroshi mai laushi ka share kafin kowane juyi.

A zamaninmu in allura tana tsalle sai a ɗora mata kwabo a ka. Mun yi, ba mu sani ba. Kai kada ka yi.

Injiniyan Ojo:

Baba, Allah ya ƙara girma, yau na ƙaru.

Sadik ƙanina, maganarka ta sauti na karɓa. A kan waɗannan faya-fayan, ni ma in aka rufe mini ido ba lallai in bambance Bluetooth da kebul ba. Matsalata da shi daban ce. Garmaho ba shi da allo. In ka danna neman haɗi, duk abin da ya fara samu a buɗe shi yake kamawa, ko abin kunnen yaro, ko lasifikar maƙwabci. Na taɓa zuwa wani gida a Festac, mai gidan yana rantsuwa garmahonsa ya mutu, ashe kiɗan yana can yana tashi a ɗakin 'yarsa. Ga ɗauke wuta sau biyar a yini, kowane karo sai ka jira su sake gaisawa. Garmahon da Era 100 a falo ɗaya za su zauna, tsakaninsu taku biyu. Kebul na mita ɗaya da rabi ya kashe maganar, me zai sa a biya kuɗin Bluetooth?

LP60 ɗin ba shi da laifi ga mai sababbin faya-fayai. Amma nauyin allurarsa giram 3 da rabi ne a kafe, ba a sauya kan, kuma babu 78. Rashin komar da hannu da Maman Ilham ta faɗa gaskiya ne, LP120 ba ya yi, wannan sai dai a haƙura.

Alhaji, in kaya sun iso: kebul mai ja da fari a gefe ɗaya, siririn kai ɗaya a ɗaya gefen. Nauyin da ke bayan hannun allura a kan giram 2, ɗan maɓallin da ke gefen gindin hannun shi ma a kan 2. Ka sa ma'aunin magina mai ruwa a kan farantin ka ga ya daidaita. A manhaja akwai wurin ƙara ƙarfin shigar sauti, daga 1 zuwa 10, da wurin jinkiri. Mafi ƙanƙantarsa milisakan 75 ne. In sauti yana yankewa a ɗakin Hajiya, ƙara jinkirin, ba wanda zai sani tunda ba hoto ake kallo ba.

Ɗan Goro Agege:

'Yan uwa na dawo, bayan sati bakwai. Wani abokin ƙanina ne ya taho da kayan daga Landan, LP120 da Era 100 da adaftar. Na duba jikin abin wutar kamar yadda Maman Ilham ta ce, 100-240V, 50/60Hz, na yi hamdala. Bakin allurar 78 ne kawai aka manta, yana hanya, shidan suna nan a tsaye a kanta na hana kowa taɓawa.

Daren farko na kusa kiran Injiniya da ƙarfe goma sha ɗaya. Na haɗa komai, na ƙure murya, sai wani ɗan siririn sauti kamar sauro. Yaron da na kai wa jakarsa sito shi ya leƙa baya ya ce Abba maɓallin yana kan PHONO. Ya tura shi, kalangu ya cika falo har mai ɗakina ta fito da gudu. Ya rama, har yau yana ba da labari.

Wankin faya-fayai ya ci mana Asabar uku. Sadik ya zo biyu daga ciki, ya naɗe guda 22, ya ci tuwonsa har da ƙari. Guda huɗu sun kanannaɗe ba sa kunnuwa. Sauti ya riƙa yankewa a ƙasa, na ƙara jinkirin, na kuma sauko da rauta bakin matakala, ya daina.

Juma'ar da ta wuce bayan la'asar na sa yaron a sama wajen garmaho, ni na sauka na zauna a bakin gadon Hajiya, ban gaya mata komai ba. Da ƙaraf-ƙaraf ɗin farko ya fito, tun kafin a buga ganga, ta ajiye carbinta. Ba ta ce uffan ba har aka yi nisa. Can wajen tsakiyar gefen farko allura ta yi tsalle ta haɗiye rabin baiti. Na miƙe zan hau sama, a raina ina cewa gobe sai Ojo. Ta riƙe mini riga. Ta ce zauna, nan wurin haka yake, kai ka karce shi da murfin kwalba kana rarrafe, har Alhaji ya yi kwana biyu ba ya ɗaukarka. Ta ce in an zo wurin kwabo yake ɗorawa.

Baba na Idi-Araba, Injiniya, ku kwantar da hankalinku, ban ɗora ba. Ta dai sa an maimaita gefen sau uku, yaron yana ta hawa da sauka, kuma ta ce wannan Juma'ar a fara da na masu kukuma.